WACE MOTA TA FI? MA'AUNI UKU NA GANE MOTAR KIRKI A ƘASAR KATAGUM

Akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa a tashoshin mota na ƙasarmu, tun daga Azare har Giade da Yana da Misau, watau gardamar wace irin mota ta fi. Dattawan direbobi su kan ce tun da aka daina ƙera Peugeot 504 ba a sāke yin mota ba. Samari kuwa su kan ce in ba Toyota ba sai a haƙura. Masu jigilar kasuwannin ƙauye su ma suna da tasu, ba su yarda a kushe Golf a gabansu. Ko wanne yana da hujja, amma galibi hujjar ba ta wuce motar da shi ya riƙe ba.

Wannan magana ta shafe mu mu mutanen kwaleji. Da yawa daga cikinmu in sun fita aikin koyarwa za a tura su ƙauyukan da ke nesa da kwalta. Waɗansu za su tara kuɗi shekara da shekaru, ko su ci bashi, don su sayi abin hawa. Waɗansu kuma za a nemi shawararsu sa'ad da ƙungiyar gari ko ta iyayen yara ta tashi sayen motar makaranta ko ta ɗaukar marasa lafiya, gama a ƙauye malami shi ne mai ido. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, yana iya cinye albashin shekara uku. Saboda haka ya kamata mu san ma'aunin da a ke auna mota da shi. Ma'aunin kuwa uku ne: rashin yawan lalacewa, da ingancin ƙira, da yawan ciniki. Amma kafin mu ɗauke su ɗaya ɗaya, sai mu duba irin hanyoyinmu da irin motocin da suka bi su.

ABIN DA HANYOYINMU KE BUKATA

Babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta Jama'are da Azare ta nufi Fataskum, kwalta ce mai faɗi, ko wace mota tana iya bin ta. Amma wanda ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyukan Giade, kamar wajen Isawa da Zabi da Uzum da lungunan da ke bayansu, zai tarar da wani abu dabam. Ƙasarmu jigawa ce. Da rani rairayi ya kan riƙe ƙafar mota, da damina ruwa ya kan yanke hanya, da hunturu ƙura ta kan cika inji, da bazara kuma zafi ya kan tafasa ruwan lagireto. Ban da wannan ga lodi. Motar da aka ƙera don mutum biyar da jakunkunansu, ran kasuwa sai ka gan ta da mutum tara da buhunan gero da wake, har da awaki a baya.

Masu ƙera mota a Turai da Japan ba su yi lissafin wannan duka ba. Don haka motar da ta ci yabo a Jamus ko Amurka tana iya zuwa nan ta ji kunya. Tilas mu auna ko wace mota da mudun ƙasarmu.

ZAMANIN MOTOCIN INGILA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya kai Bauci a 1961, amma bai taɓa biyowa ta Azare ba. Saboda haka tun da aka bar raƙuma da jakuna, gyaɗar ƙasar Katagum a kan manyan motoci ta ke zuwa bakin reluwe. A zamanin Turawa galibin motocin nan na Ingila ne, irin su Bedford da Austin da Morris. Tun daga 1959 kamfanin UAC ya fara harhaɗa Bedford a Apapa ta Ikko, a kawo ƙarfen da inji, kafintocinmu su ɗora bodin katako. Joji da likita da malamin gona kuwa da Land Rover su ke rangadi. An fara ƙera ta a 1948, ƙafafunta huɗu duk suna ja, jikinta kuma na goran ruwa ne wanda ba ya tsatsa, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila.

Yawan cinikin motocin Ingila a lokacin nan ya samu ne daga mulki. Kamfanonin ciniki na Turawan Ingila ne, Gwamnati da En'e a wurinsu su ke saye, tuƙi kuma a hannun hagu a ke yi kamar yadda a ke yi a can. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar maƙwabtanta. Wannan ya ƙara buɗe ƙofa ga motocin Faransa da Jamus, waɗanda da ma sitiyarinsu a hagu ya ke. Ga darasi na farko ke nan: wani lokaci doka da siyasa su ke sayar da mota.

ZAMANIN PEUGEOT

Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, ta fara suna a Afirka da samfurin 403 na 1955 da 404 na 1960. Ita 404 ta ci tseren nan mai wuya na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin burji da taɓo irin namu. Ƙaramar motar kaya da aka yi daga gare ta ita ce akori-kurar da ta daɗe tana jigila tsakanin kasuwanninmu. A 1968 aka fito da 504, ita ma ta ci wannan tsere a 1975.

A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Abin mamaki, da fari a jirgin sama a ke ɗauko kayan haɗin daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a mota. Lokacin ya dace da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suna samun bashin mota, Gwamnatin soja kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Kafin a jima sai ta zama motar hakimi da alƙali da shugaban makaranta, mai dogon baya kuma, mai kujera layi uku, ta zama motar haya daga Azare zuwa Kano da Bauci da Jos.

Me ya sa ta dace da mu? Abu huɗu ne. Tana da tsawo daga ƙasa, cikinta ba ya yawan bugun tudu. Sifirin ɗinta yana da dogon zango, yana shanye gargada ba tare da ya jijjiga fasinja ba. Ƙafafun baya su ke ja, saboda haka in an yi mata lodi sai ta ƙara kama ƙasa. Injinta kuma mai kafireto ne, ba ɓoyayyen abu a cikinsa, makanike mai sifana da sukudireba yana iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Amma kada son ta ya rufe mana ido. Tana shan mai, ta kan yi zafi in ba a kula da lagireto ba, jikinta kuma yana tsatsa. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000, shekaru da yawa bayan an daina a Faransa.

SAURAN MASANA'ANTU BIYAR

Peugeot ɗaya ce cikin masana'antu shida da Gwamnatin Tarayya ta kafa tare da kamfanonin Turai a shekarun 1970. Akwai Volkswagen a Ikko, da Leyland a Badun, da Mercedes a Inugu, da Fiat a Kano, sa'an nan a nan jiharmu akwai Steyr a Bauci, wadda ta haɗa manyan motoci da taraktocin noma tare da wani kamfanin Ostiriya.

Volkswagen ta shiga hannun ƙananan ma'aikata da samfurin Bitil, kuma malaman makaranta da yawa ita ce motarsu ta fari. Injinta a baya ya ke, iska ke sanyaya shi, ba ruwanta da lagireto, nauyin injin kuma yana danne ƙafafun baya har ta kan ratsa rairayin da ya kā da manyanta. Aibinta ƙunci, ba ta da wurin kaya. An ƙera ta fiye da miliyan 21 a duniya kafin a rufe ƙirarta a Meziko a 2003. A wajen manyan motoci kuwa Mercedes, watau Marsandi, mai gajeren hanci samfurin 911, ita ta gāji Bedford. Ba ta da gudu, amma tana da haƙuri da lodi, har yanzu a kan ga tsofaffinta da bodin katako suna ɗaukar hatsi da shanu.

Wannan zamani bai daɗe ba. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, a 1986 kuma aka karya darajar naira. Da ya ke kusan duk kayan haɗin daga waje a ke sayo su, sai kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun suka yi ta raguwa, waɗansu suka rufe. Mutane suka koma ga motocin hannu da a ke shigowa da su daga Turai da Amurka, da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya sa a ke ce da su 'yan Kwatano. Daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma har yau mafi yawan motocin da ke kan hanyoyinmu wani ya riga ya more su a wata ƙasa. A cikin wannan kasuwa ta motocin hannu ne Toyota da Honda da Golf suka yi sarauta.

MA'AUNI NA FARI: RASHIN YAWAN LALACEWA

A nan akwai abu biyu da mutane kan haɗa, alhali dabam su ke. Na ɗaya, sau nawa mota ke lalacewa. Na biyu, in ta lalace kwana nawa ta ke yi a kwance. Mu ɗauki misali. Ga mota tana ɓaci sau 4 a shekara, amma ko wane karo ana samun kayan gyaranta a Azare a gama a yini guda. Ta yi asarar kwana 4 ke nan. Ga wata kuma sau 1 tak ta ɓaci, amma sai da aka aika Ikko aka jira mako 3. Ta yi asarar kwana 21. A takarda ta biyun ta fi ƙarko, amma a wurin mai haya ko mai majinyaci ta farkon ta fi amfani.

A kan tambaya ta ɗaya, motocin Japan sun yi suna, kuma sunan yana da tushe. A 1950 wani masanin lissafi Ba'amurke, Edwards Deming, ya je Japan ya koya wa masu masana'antu yadda za su riƙa auna kuskure suna bin sa har tushensa. Toyota ta riƙe wannan karatu da kyau, har ta sami lambar yabo mai sunan malamin a 1965. A masana'antarta an ba ko wane ma'aikaci iko in ya ga aibi ya ja igiya, in ba a gyara nan take ba layin aiki ya tsaya. Mu malamai mun san wannan dabara. Yaron da aka gyara masa kuskuren haɗa baƙi a aji ɗaya ba ya wahal da malamin aji shida. Har wa yau Toyota ba ta gaggawar sāke inji. In wani inji ya yi kyau sai ta bar shi shekaru tana ɗan gyara shi, saboda haka aibinsa ya kan ƙare tun kafin ya zo hannunmu.

A Amurka da Jamus akwai ƙungiyoyi masu tambayar dubban masu motoci, ko masu duba lafiyar mota, su ƙidaya aibin ko wane samfuri su buga ko wace shekara. Toyota da 'yar'uwarta Lexus su kan fito kusa da sama a irin wannan jeri. Amma a lura, a kan kwalta mai laushi da mai mai tsabta aka yi awon. Kuma babu kamfanin da ba ya tuntuɓe. A 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motocinta don gyaran totur. A 2015 aka gano Volkswagen ta sa wata dabara a cikin motoci masu shan gas wajen miliyan 11 don su ruɗi masu awon hayaƙi.

A kan tambaya ta biyu, amsa tana kasuwar kayan gyara. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna zai ga kayan wace mota suka fi yawa, kuma abin da ya yi yawa can shi ke gangarowa shagunan Azare. Dā kayan Peugeot ne ko'ina, yanzu kuwa na Toyota da Honda da Golf ne. Akwai kuma maganar makanike. Motocin zamani ba su da kafireto, kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Wannan yana rage shan mai, yana rage ɓaci, amma in abin ya ɓaci sai an sami mai na'urar da ke karanta kwamfutar. In babu shi a kusa, sai a yi ta canje-canjen kaya bisa ka-ce-na-ce har kuɗi su ƙare.

MA'AUNI NA BIYU: INGANCIN ƘIRA

Mai saye ya kan buga ƙofa ya ji nauyinta, ya shafa kujera, ya ce wannan mota ƙarfe ce. Wannan awo bai isa ba. Ingancin ƙira yana wuraren da ido ba ya gani.

Abu na fari shi ne ƙashin bayan motar. Ƙira iri biyu ce. Akwai wadda a ke yin gindin ƙarfe mai kama da tsani, a ɗora inji da ƙafafu a kansa, sa'an nan a ɗaura jiki daga sama. Haka a ke yin manyan motoci da Hilux da Land Cruiser da tsohuwar Land Rover. Irin wannan tana jure murɗawar hanya da lodi, in jiki ya lalace ana iya sāke shi, amma tana da nauyi, tana shan mai. Akwai kuma wadda jikin da gindin abu guda ne, kamar ƙwarya. Haka Corolla da Golf da galibin ƙananan motoci su ke. Ba ta da nauyi, ba ta shan mai, amma in lodi ya tsaga ta, ko ta yi mummunan karo aka miƙe ta da walda, ba ta komawa yadda ta ke.

Abu na biyu, motocin zamani da gangan a ke yin gabansu da bayansu su lanƙwashe in an yi karo, don ƙarfen ya shanye bugun, ɗakin da mutane ke ciki ya tsira. Saboda haka in ka ga sabuwar mota ta yamutse a haɗari alhali tsohuwa ta fita da ɗan rauni, kada ka yi saurin yanke hukunci. Ka tambayi yadda mutanen ciki suka fita. Ɗamarar kujera da jakar iska da birkin da ba ya kullewa duk suna cikin ingancin ƙira, kuma a nan motocin yanzu sun fi 504 da Bitil nesa ba kusa ba.

Abu na uku, ƙyale-ƙyale. Motocin Jamus na manya, irin su Mercedes da BMW, an ƙera su da kyau ƙwarai, suna da daɗin zama, suna kama hanya a guje. Amma an cika su da na'urori, ko wace na'ura kuwa wata ƙofa ce ta ɓaci in mota ta tsufa, kayan gyaransu kuma da tsada. Mai albashin malami in ya sayi tsohuwarsu don ya same ta da araha, ya sayi abin da zai riƙa ci da shi.

Golf ta uku, wadda aka ƙera a Jamus daga 1991, ta ba da wani misali. Ba don ƙauyukanmu aka yi ta ba, ƙafafun gaba ke ja, kuma ba ta da tsawo. Amma injinta mai sauƙi ne, ba ta shan mai, mai dogon bayanta tana da wurin kaya, kuma an same ta da araha a kasuwar hannu. Sai makanikanmu suka ɗaga bayanta suka ƙara mata ƙarfi, ta zama jakar kasuwannin ƙauye. Wannan dabara ce, amma tana da haɗari, gama birki da tayoyi ba su san an ƙara lodi ba. Haka kuma Sharan da J5 da bas ɗin Hiace, wadda sabon samfurinta a ke kira Homa, ko wacce ta sami aikin da ya dace da ita, wata fasinjan nesa, wata tumatir da barkono.

MA'AUNI NA UKU: YAWAN CINIKI

A duniya Toyota ce ke gaba. A 2023 ita da rassanta sun sayar da mota wajen miliyan 11.2, Volkswagen da nata rassan suka bi da wajen miliyan 9.2. Corolla kaɗai, wadda aka fara a 1966, ta wuce miliyan 50 a 2021, babu sunan motar da ya kai ta ciniki.

To, yawan ciniki shaida ce ta kyau? Rabin shaida ce. Mun ga yadda mulki ya sayar da Bedford, da yadda umarnin Gwamnati da bashin ma'aikata suka taimaki 504. Araha tana sayar da mota, talla tana sayarwa, kuɗin kwastan yana tashe wata ya kā da wata. Amma duk da haka yawan ciniki yana da amfani biyu ga mai saye a wurinmu. Motar da ta yi yawa, kayan gyaranta suna da yawa, masu iya gyaranta suna da yawa, har tsofaffin da aka yanka su kan zama rumbun kaya ga masu rai. Na biyu, ran da ka matsu ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye, kuma ba ta faɗuwa ƙwarai. Abin ya zama kamar zobe: ciniki yana kawo kayan gyara, kayan gyara suna kawo ciniki. Wannan zobe shi ya riƙe Peugeot shekara ashirin, shi ne kuma ke riƙe da Toyota yanzu.

Sababbi suna ƙwanƙwasa ƙofa. Hyundai da Kia na Koriya sun samu shiga, manyan motocin ƙasar Sin sun cika hanyar Kano zuwa Maiduguri, Innoson tana haɗa motoci a Nnewi, a 2022 kuma wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Dangote da masu Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Ko waninsu zai karɓe zoben, sai kayan gyaransa sun iso shagunan garuruwa irin namu tukuna.

ƊAN LISSAFI

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, shan mai ya zama babban abin dubawa. Ga wani lissafi, adadinsa na misali ne kawai, ko wane malami yana iya sāke su da farashin ranar ya ba 'yan ajinsa.

Mu ƙaddara mota ta ɗaya kuɗinta ₦4,000,000, tana shan lita 12 a kilomita 100, gyaranta ₦400,000 a shekara, bayan shekara 4 za a saye ta ₦2,000,000. Ta biyu kuɗinta ₦6,000,000, tana shan lita 8, gyaranta ₦200,000 a shekara, bayan shekara 4 za a saye ta ₦4,500,000. Mu ce ko wacce tana tafiyar kilomita 15,000 a shekara, litar mai kuma ₦1,000.

Ta ɗaya za ta sha lita 1,800 a shekara, watau ₦7,200,000 a shekara 4. A ƙara gyara ₦1,600,000 da faɗuwar daraja ₦2,000,000, jimla ₦10,800,000. Ta biyu za ta sha lita 1,200 a shekara, watau ₦4,800,000 a shekara 4. A ƙara gyara ₦800,000 da faɗuwar daraja ₦1,500,000, jimla ₦7,100,000. Ashe motar da aka saya da rangwamen miliyan 2 ta ci wa mai ita ƙarin ₦3,700,000. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

SHAWARA GA MAI NIYYAR SAYE

Da fari ka san aikin da za ta yi maka. In tafiyarka tsakanin Azare da Kano ce a kan kwalta, ƙaramar mota mara shan mai irin Corolla ta ishe ka. In motar gari ce wadda za ta ɗauko mai naƙuda daga lungu cikin damina, to, ana bukatar mai tsawo, mai gindin ƙarfe, irin Hilux, ko da ta fi tsada. Na biyu, kafin ka je wurin dillali ka je wurin masu sayar da kayan gyara a garin da ya fi kusa da kai, ka tambayi kuɗin fulogi da shakazoba da faifan kuloci na samfurin da ka ke so, ka ga ko suna nan a kan kanta. Na uku, ka tafi da makaniken da ka amince da shi, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, ko akwai walda ko tsatsa, gama motocin ƙasashen sanyi gishirin da a ke zuba wa hanya saboda ƙanƙara ya kan ci cikinsu. A tā da injin da sanyin safiya a ga irin hayaƙinsa. A duba takardun kwastan, a gwada lambar jikin motar da ta takarda.

Na huɗu, ka tuna motar hannu halin mai ita na dā ta ke ɗauke da shi. Toyota da aka wulakanta ba ta kai Peugeot da aka riƙe da kyau ba. In ta shigo hannunka, juyen baƙin mai a kan kari, da wanke matatar iska lokacin hunturu, da duba ruwa ko wace safiya, da ƙin lodin da ya wuce kima, su za su ƙara mata shekaru fiye da sunan da ke rubuce a goshinta.

In an tilasta a ba da hukunci, to ga shi. A zamaninta 504 ta fi dacewa da hanyoyinmu. A yau Toyota ta fi haɗa ma'aunin nan uku wuri guda, Honda na bin ta a kan kwalta, Golf kuwa araha da sauƙin gyara suka ba ta kasuwar ƙauye. Amma yadda Bedford ta ba da wuri, Peugeot ta ba da wuri, haka wata rana wani suna zai zo. Wanda ya riƙe ma'aunin zai iya auna ko wacce ta zo.